Kantar Littattafan Jiragen Yaƙi a Wani Shago na Kaduna

Ɗan ƙanwata da ke zaune tare da mu a Mando ya taso yana jin ƙugin jiragen sojan sama safe da yamma, kuma tun da ya shiga ajin ƙarshe na sakandare ya ƙudura a ransa cewa Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama, wadda kowa ya fi sani da AFIT, ita zai nema. Tambayoyinsa suka fi ƙarfina, domin duk jirgin da ya gifta sai ya nemi sanin sunansa da ƙasar da ta ƙera shi, ni kuwa iyakar sanina in bambance mai saukar ungulu da mai fukafukai. Wannan ne ya kai ni wani shagon littattafai da ke wani lungu a bayan titin Ahmadu Bello, inda aka ce mini akwai kanta guda ta littattafan jiragen sama. Sau uku na je kafin na saki kuɗina.

Kantar tana can ƙurya, bayan tulin littattafan jarrabawar WAEC da JAMB, kuma wanda bai tambaya ba zai iya fita bai san da ita ba. Littattafan ba su wuce ashirin ba, yawancinsu na hannu ne, wasu ma da hatimin tsohon mai su a shafin farko an goge sunan da biro. Mai shagon, dattijo mai haƙuri, ya ce daga gidajen hafsoshin da suka yi ritaya ake kawo masa su. Da ya ga ina jujjuya wani a tsaye sai ya jawo mini kujera ya ce, “Malam, zauna ka duba da kyau, irin wannan ba a sayensa da gaggawa.” Wannan karamci na yaba da shi, domin akwai shagunan da ko ledar littafi ba za a bar ka ka buɗe ba.

Mafi girma a kantar wani tsohon bugu ne na Jane's All the World's Aircraft, kundin da ake fitarwa tun 1909, wanda nauyinsa kaɗai ya isa a tokare ƙofa. Ga injiniya taska ce, amma an jera jiragen ne bisa ƙasa da kamfanin da ya ƙera su, ba bisa rundunar da ke amfani da su ba, saboda haka mai neman sanin abin da Nijeriya ta mallaka zai sha yawo a cikinsa. Na mayar da shi mazauninsa.

Wanda na saya matsakaici ne, da Turanci, bugun ƙasar waje, kuma kacokan a kan rundunar sojan saman Nijeriya yake. Babin tarihinsa ya gamsar da ni. Ya faro daga dokar da ta kafa rundunar a watan Afrilu na 1964, ya bayyana rawar da Jamus ta Yamma ta taka har ta kai shugaban rundunar na farko, Kanar Gerhard Kahtz, Bajamushe ne, kafin George Kurubo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta a 1966. Daga nan ya bi yadda yaƙin basasa ya juya akalar sayayya zuwa ƙasashen Gabashin Turai, aka samo MiG-17 na Tarayyar Sobiyet da L-29 na Chekoslobakiya, sannan kuɗin mai ya kawo MiG-21 a tsakiyar shekarun 1970, da Alpha Jet na Faransa da Jamus a farkon shekarun 1980, da Jaguar guda 18 daga Ingila a 1984. Wanda ya karanta wannan babi da natsuwa zai gane cewa jerin jiragen ƙasa madubi ne na ƙawayenta a kowane zamani.

Zane-zanen su ne suka biya kuɗin littafin. Kowane jirgi an nuna shi ta gaba da ta gefe da ta sama, da launin da rundunar ta shafa masa da tambarin kore-fari-kore. Daren da na kawo shi, yaron ya shimfiɗa shi a tabarma ƙarƙashin fitilar caji ya buɗe shafin A-29 Super Tucano, ya ɗora yatsa a kan farfelar da ke hancinsa ya ce, “Kawu, ashe wannan da ake ta magana farfela gare shi kamar na koyo?” Amsar tana nan a shafin da ke kallonsa: jirgi ne ƙirar Embraer ta Birazil, mai inji ɗaya da kujeru biyu gaba da baya, an yi shi don ya daɗe yana shawagi a kan wuri guda da ɗan mai kaɗan, kuma guda 12 da Nijeriya ta karɓa a 2021 a Amurka aka harhaɗa su aka girke su a Kainji. Bayani irin wannan, gajere mai kai mutum ga dalili, shi ne ƙarfin littafin.

Rauninsa babba yana cikin jadawalin da ke ƙarshe, kuma rauni ne da na gani a kusan duk littattafan da ke kantar. Jadawalin yana ƙirga jiragen da aka saya aka kawo, ba waɗanda ke iya tashi ba, alhali tsakanin biyun akwai tazara mai faɗi. Jaguar ɗin nan 18 ba su cika shekara goma suna aiki ba aka ajiye su, amma mai duba lambar kawai zai ɗauka ƙasar ta mori runduna guda ta manyan jiragen kai hari. Haka F-7 na ƙasar Sin, da aka yi odar guda 15 a 2005: lambar da aka saya tana nan ɓaro-ɓaro, waɗanda haɗari ya ci kuwa sai an tono su daga ƙananan rubutu a wani babi dabam. Jirgi yana buƙatar kayan gyara da kanikawa da sa'o'in horo kafin ya zama ƙarfi, kuma littafin da ya ba wannan fanni shafi biyu kacal ya bar mai karatu da rabin labari. Ƙari a kan haka, bayanansa sun tsaya a 2021, shekarar da aka ƙaddamar da JF-17 guda uku na Pakistan a Makurdi a watan Mayu, don haka babu masu saukar ungulu T-129 na Turkiyya da suka fara isowa daga baya. Wannan ba laifin marubuci ba ne, amma wajibi ne mai saye ya duba shekarar bugu kafin ya duba hotuna.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne yadda aka tsallake Kaduna da sauri. Nan ne hedikwatar horon tuƙi ta rundunar, nan makarantar 401 take inda matuƙa ke fara koyo, amma duka an dunƙule su a sakin layi kaɗan saboda jiragen koyo ba su da kwarjinin na yaƙi. Air Beetle, ƙaramin jirgin da aka harhaɗa guda 60 a garin nan bisa samfurin RV-6A na Amurka, hoto ɗaya ya samu. Super Mushshak guda 10 na Pakistan, waɗanda su yaron ya fi gani a saman gidanmu, rabin shafi aka ba su. Jirage marasa matuƙi da aka ƙera a gida kuwa, Gulma da aka ƙaddamar a Kaduna a 2013 da Tsaigumi a watan Fabrairu na 2018, an rubuta sunayensu daidai amma ba a faɗi ma'anarsu ba. Bahaushe yana jin an raɗa wa jirgin leƙen asiri suna Gulma zai yi murmushi, domin ya san aikin magulmaci shi ne ya gano ya kai rahoto, kuma abin takaici ne wannan hikima ta wuce mai karatu na waje bai ji ta ba.

Ta fuskar ƙira, takardar mai sheƙi ce kuma hotunan sun fito tas, sai dai gam aka yi amfani da shi maimakon ɗinki, har shafukan tsakiya sun fara ɓallewa cikin mako uku, dole na kai wa mai ɗaure littattafai ya ɗinke. Fihirisar sunayen jirage tana da kyau, ta sunayen sansanoni babu. Farashin ya yi tsada ga ɗalibi, kuma mai shagon bai rage abin kirki ba, ko da yake ya nuna mini wani kwafi mai araha ya gaya mini da bakinsa cewa na hoto ne, zanensa ya dushe, bai ba ni shawarar ɗauka ba. Babu ko ɗaya da Hausa a kantar.

Ga mai shirin shiga AFIT ko Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA, da wanda ke son gane jirgi in ya gan shi a sama, littafin ya cancanci saye, muddin zai riƙa gwada jadawalinsa da sanarwar da rundunar ke fitarwa. Yaron ya riga ya fara cike gefen shafukan da fensir, kuma a ƙasan jerin masu saukar ungulu ya ƙara layi guda da hannunsa ya rubuta T-129, Turkiyya.