Tayroyid mai sanyi da mai zafi: wanne ke tara kitse a jini?

Tayroyid, wato wannan 'yar halittar ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke ce mata maƙoƙo, matsalar aikinta iri biyu ce, ko ya yi sanyi (ya ragu) ko ya yi zafi (ya yi yawa), kuma yawancin alamominsu akasin juna ne.

In aikinta ya yi sanyi, hanta takan kasa kwashe mugun kolestarol (wani irin kitse) ɗin nan na LDL daga jini, sai ya taru. Mutum ga kasala ga jin sanyi ana tsakar zafi, fata ta bushe, bayan gida da ƙyar, fuska a kumbure da safe. Ƙiba na zuwa amma ba wata mai yawa ba, kilo 2 zuwa 5 haka, kuma yawanci ruwa ne da gishiri. Abin da ke damuna wallahi shi ne a ga kolestarol ya hau kawai a ɗora mutum kan statin, maganin rage kolestarol, ba a yi masa gwajin TSH, wato gwajin jini na aikin tayroyid, ba, alhali in tayroyid ɗin ne ya yi sanyi aka ba shi levothyroxine, maganin da ke cike gurbin sinadarin tayroyid, sau da yawa kolestarol ɗin na sauka, kuma statin a wannan halin ya fi saurin kawo ciwon tsoka.

In kuma ya yi zafi, akasin haka ne. Kolestarol ƙasa, mutum na cin tuwo kamar me amma yana ta ramewa, zufa, hannu na rawa in ya ɗauki kofi. Kar wanda ya yi murna da wannan ramar don Allah, zuciya ce ke shan wahala, bugunta ya rikice, ƙashi ma ya yi rauni. Bayan an fara carbimazole, maganin rage aikin tayroyid, nauyi kan dawo, kolestarol ya ɗan ɗaga, likita zai so a sake aunawa.