Kafin ka sayi "bakteriyar cin mai": taki, garin ƙwayoyi, ko sinadarin wanki?

Idan ɗanyen mai ya malala ya kwanta a gaɓar teku, ana kwashe na sama da shebur da injin zuƙa. Wanda ya nutse cikin yashi da laka shi ne aiki, kuma a nan 'yan kasuwa ke shigowa, kowa da hajarsa. Abin da za a sa maka a gaba bai wuce huɗu ba: taki, garin bakteriya a cikin buhu, sinadarin wanki, ko kuma a bar wurin ya warke da kansa. Mu dai taki muke zaɓa, musamman mai narkewa a hankali.

Dalilin yana cikin yashin. Bakteriyar da ke cin mai tana nan a kusan kowace gaɓar teku tun kafin a yi malala, sai dai ba ta da yawa. Akwai Alcanivorax borkumensis, wadda aka samo a kusa da tsibirin Borkum na Jamus aka bayyana ta a 1998. Abincinta sassan man masu sauƙin karyewa. Cycloclasticus kuwa ita ke fuskantar sassan man da ginin sinadarinsu ke da siffar zobe-zobe, waɗanda suka fi guba suka kuma fi taurin kai. Da zarar mai ya iso sai su hayayyafa har su rinjayi sauran. Abin da ke tsayar da su yunwa ce ta wani fannin. Ɗanyen mai kusan kashi 85 cikin 100 kabon ne, naitirojin da fosfaras ɗinsa kaɗan ne ainun, ruwan teku ma ba ya da su da yawa. Ga tuwo tuli, babu miya. Wanda ya sayi taki miyar ya sayo.

An gwada wannan a babban fili bayan hatsarin jirgin Exxon Valdez a Alaska a 1989, inda aka zuba taki a gaɓa mai tsawon fiye da kilomita 100. Iri biyu aka fi amfani da su: Inipol EAP22, mai ruwa-ruwa da ke manne wa mai, da Customblen, ƙwayoyin taki masu rufi da ke sakin sinadari a hankali. Inda takin ya zauna a cikin ruwan da ke tsakanin tsakuwa, man ya ruɓe da sauri sau da yawa fiye da inda ba a zuba ba.

Takin kansa iri uku ne, kuma a nan ya kamata mai saye ya natsu. Mai narkewa nan take, irin su sodiyam naitiret, shi ya fi araha kuma ka san adadin da ka zuba, amma cikowar teku ɗaya ko biyu kan wanke shi tas, don haka sai an riƙa fesawa kusan kullum lokacin da ruwa ya janye. Kuɗin da ka rage a buhu zai tafi a famfo da ma'aikata. Mai manne wa mai yana da amfani a kan duwatsu da tsakuwa, inda man ke a fili. A yashi mai laushi ba ya kai wa ga man da ke ƙasa, kuma wasu irinsa na ɗauke da sinadari mai ƙona fata da ido, sai da safar hannu da abin kare fuska. Mai narkewa a hankali shi ne ya fi dacewa da yawancin gaɓar yashi da ba ta da igiya mai ƙarfi. Ana cusa shi cikin yashin a zurfin da man ya kai, ko a ɗaure shi a jakunkunan raga a kafe da turaku don kada ruwa ya tafi da shi. Ka tambayi mai sayarwa tsawon lokacin sakinsa a cikin ruwan gishiri da kuma a zafin wurin da za ka yi aikin, domin adadin watannin da ke jikin buhu na ƙasar noma ne. A ruwa mai ɗumi rufin kan saki sinadarin da wuri.

Game da adadi, ƙa'idar da aka saba ita ce kabon 100, naitirojin 10, fosfaras 1. Idan kilo ɗaya na yashi na ɗauke da giram 10 na mai, kabon ya kai giram 8.5, wato ana neman naitirojin kusan giram 0.85 kafin a gama. Kada a zuba shi a lokaci guda. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne ruwan da ke cikin yashin: a haƙa 'yan ramuka, a sa bututu mai huji, a ɗebi ruwan a auna. Miligiram 2 zuwa 10 na naitirojin a lita ɗaya ya wadatar. Fiye da haka ba ya ƙara saurin aiki, sai dai ya haifar da gansakuka ya shaƙe ruwan. A yi hattara da yuriya da takin amoniya kusa da wurin da kifi ke ƙyanƙyasa, domin amoniya guba ce gare su. Kuma a auna tun kafin a saya. Gaɓar da ke bakin kogin da ke kwaso ruwan gonaki mai yiwuwa tana da naitirojin da ya ishe ta, ƙarin taki a nan asara ce.

Akwai inda taki ba ya aiki, dole a faɗa. Kowane giram na mai yana cin oksijin kusan giram 3 kafin ya ruɓe, alhali lita ɗaya ta ruwan teku 'yan miligiram kaɗan kawai take riƙewa. A yashi mai gautsi, shigowa da fitar teku na sabunta iskar. A baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa, oksijin ba ya wuce 'yan milimitoci daga sama. Shi ya sa man da ya malala a West Falmouth ta Amurka a 1969 aka same shi a cikin lakar fadamar bayan fiye da shekara 30. A gaɓar yashi, kaftu da garma na buɗe wa iska hanya. A fadamar gishiri da dajin da saiwoyinsa ke cikin ruwa, kada a shiga da inji ko ma da ƙafa da yawa, tattakawa na ƙara cusa man ƙasa ne. Bayan hatsarin Amoco Cadiz a Faransa a 1978, fadamun da aka kankare lakarsu sun fi jinkirin farfaɗowa a kan waɗanda aka ƙyale. A irin wannan wuri, bari da sa ido shi ne zaɓin da ya dace.

Sinadarin wanki ba ya cin mai, ɗaga shi yake yi daga wuri ya kai wani. Idan ba a girka shingen tarewa da abin tsotsewa ba, ka mayar da ƙazantar cikin ruwa ne kawai.

Garin bakteriya kuwa, shi ne ya fi tsada ya kuma fi yawan talla. A 1994 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi gwaji a Fowler Beach da ke Delaware, da filaye daban-daban: wasu taki kaɗai, wasu taki da ƙarin bakteriya da aka raina daga gaɓar kanta, wasu ba komai. Ƙarin bakteriyar bai kawo wani bambanci a kan taki kaɗai ba. To ina ga wadda aka raina a tanki aka busar, wadda ba ta san gishirin wurin ba? Teku na wanke ta, 'yan gida na fin ƙarfinta, ƙananan halittu na cinye ta.

A wannan fannin ne damfara ta fi yawa, kuma salonta sananne ne. Za a zo maka da kwalba biyu, a zuba gari a ɗaya, a girgiza, man ya ɓace cikin minti goma. Babu bakteriyar da ke cin mai a minti goma. Aikin makonni ne zuwa watanni. Abin da ka gani sabulu ne ya tarwatsa shi. Wani zai nuna maka awon "kafin" da "bayan", mai ya ragu da rabi, ba tare da filin da aka bari ba a taɓa ba. Ai sassa masu sauƙi na tashi a iska cikin kwanakin farko, igiya ma na kwashe nata, ko an zuba gari ko ba a zuba ba. Wani buhun kuma yawancinsa taki ne da dusa, idan ya yi aiki takin ne ya yi, ka biya shi ninki-ninki. Wasu na cika buhu da bakteriyar ƙasa irin Bacillus don tana jure bushewa da ajiya, alhali ba ita ce gwanar ruwan gishiri ba. Mai cewa "sirrin kamfani ne" idan ka nemi sunan ƙwayoyin da adadin masu rai a kowane giram, ka bar masa kayansa. Haka mai alkawarin kashi 100: ɓangaren man mai kama da kwalta kusan ba ya ruɓewa, yana nan ko da wane magani.

Har takardar hukuma ana fakewa da ita. Za ka ga an buga cewa kayan na cikin jerin kayan magance malalar mai na hukumar kare muhalli ta Amurka. Ita kanta hukumar ta bayyana cewa shiga jerin ba ya nufin ta amince da kayan ko ta ba da shawarar amfani da su, kamfani ya miƙa bayanan da aka nema ne kawai.

Hujja ɗaya ce ke raba gardama. A cikin ɗanyen mai akwai wani sinadari da ake kira hopen, wanda bakteriya kusan ba ta taɓa shi. Idan ruwa ne ya wanke man, hopen da sauran sassan za su ragu tare. Idan cinyewa aka yi, sauran za su ragu a bar hopen. Saboda haka ka sa a cikin yarjejeniyar saye cewa za a ware filaye uku masu girma ɗaya a tsayi ɗaya daga bakin ruwa, ɗaya da kayan mai sayarwa, ɗaya da taki zalla mai naitirojin daidai da na kayansa, ɗaya babu komai, kuma a maimaita kowanne aƙalla sau uku. A ɗebi samfur a zurfi ɗaya ranar farko, sannan duk bayan mako biyu har wata uku, a saka a kwalbar gilashi a cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwajin da kai ka zaɓa, a buƙaci sakamakon a bisa ma'aunin hopen. Biyan cikon kuɗi ya jira sai filin mai sayarwa ya zarce filin taki zalla.