Wasan ya yi kyau, amma rabin tambari ɗaya ya cinye mini wahalata

Ni ba baƙo ba ne a wasannin neman ɓoyayyun abubuwa. Tun lokacin da Criminal Case ya mamaye Facebook bayan fitowarsa a 2012 nake ciki, daga baya na koma irin waɗanda ake saya gaba ɗaya, kamar Enigmatis na kamfanin Artifex Mundi, da Dark Parables da ya fara fitowa a 2010, inda kake zama mai bincike a duniyar tatsuniyoyin Turawa. Saboda haka da na sauke wannan sabon wasa ban sa rai da wani abin mamaki ba. Na ɗauka tsohon zance ne: a tara maka tarkace a ɗaki, a ce nemo lema da ƙaho da kofaton doki, alhali babu abin da ya haɗa su da labarin.

Sai ga shi wasan ya ba ni mamaki. An tura ka wani gari a gindin dutse inda ake sace wa mutane inuwarsu, duk wanda aka raba da tasa sai ya fara manta sunansa da na 'ya'yansa. Abin da ya fi burge ni shi ne duk abin da ka tsinta yana da aiki. A ɗakin mai gyaran agogo, gutsattsarin gilashin da ka tattara su ne za su haɗu su zama madubin da ke nuna sawun aljanu a ƙasa. Ka ɗaga madubin a kan matakala, sai ka ga sawaye shuɗaye suna hawa bango maimakon su bi ƙofa. Wallahi a nan tsikar jikina ta tashi. Akwai kuma littafin bincike da ke rubuta duk shaidar da ka samu, kai da kanka za ka jera su ka ce wane ne ya yi ƙarya. Zanen ma ba a cewa komai, an zauna an yi shi da natsuwa. A raina na riga na ba shi taurari 5.

To, ga inda gizo ke saƙa. A babi na 4 akwai ƙofar hasumiyar mayya, ba ta buɗuwa sai da tambarin tagulla mai siffar wata, wanda aka raba biyu. Rabi na farko yana cikin rijiya, sai ka gyara guga, ka nemo igiya, ka warware wani wasan ƙwaƙwalwa na jera taurari kafin ya fito. Na sha wuya a kan taurarin nan, amma ban danna maɓallin tsallakewa ba don ina so in ci da gumina. Na ciro shi, na ga ya shiga jakar kaya da ke ƙasan allo. Ina danna taswira don in koma hasumiya, sai wasan ya sandare, ya rufe kansa. Da na sake buɗewa, rijiya a buɗe take, guga a gyare, taurari a jere, amma jaka wayam. Wasan ya rubuta cewa na ɗauki tambarin, bai kuwa rubuta cewa yana hannuna ba.

Babu lungun da ban leƙa ba. Na danna maɓallin taimako, kibiya ta nuna mini ƙofar hasumiya, wato in saka abin da ba ni da shi. Na jira ya sake cika, na danna, ƙofar dai ta sake nunawa. Na kashe na'urar na kunna, na share tarkacen manhajar, na duba ko akwai sabuntawa, shiru. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasan da kansa yake adana inda ka tsaya, kuma wuri ɗaya tal yake adanawa, sabo ya danne tsoho. Babu hanyar komawa farkon babi, babu ajiyar baya da za ka janyo. Yaya za a gina wasan da kowace ƙofa ta dogara da wadda ke gabanta, sannan a hana mutum ja da baya ko da taku ɗaya?

Na rubuta wa masu wasan, har da hoton allo da bayanin matakin da abin ya faru. Amsar da ta zo irin wadda ake tura wa kowa ce: a yi haƙuri, a buɗe sabon suna a fara daga farko. Ko tambayar irin na'urata ba su yi ba.

Na fara ɗin, don labarin ya riga ya kama ni. A nan ne kuma wasu abubuwan da na kau da kai a kansu suka dawo mini. Duk mai buga irin wannan wasa ya san daɗinsa a karon farko yake, tunda kayan ba sa sauya wuri. Maimaitawa ta zama aikin gayya. Sai na lura hirarrakin ba a iya wuce wasu daga cikinsu, dole ka zauna mai gadin gada ya sake karanto maka tarihin kakanninsa. Na lura idan ka danna wuri ba daidai ba 'yan lokuta a jere, allo yana dushewa ya hukunta ka, ko da kuwa abin da kake nema ƙanƙane ne, yatsa ba ya kama shi a waya. Wasu wuraren kuma duhu ya yi musu yawa, sai ka ƙure hasken allo ido na ruwa.

Wannan karon tambarin bai ɓace ba, na hau hasumiya, kuma gaskiya abin da ke sama ya yi kyau ƙwarai, musamman ɗakin da aka rataye inuwoyin mutane a cikin kwalabe suna motsi. Har zuciyata ta fara sanyi. Sai aka kama mayya, ta ce ita 'yar aike ce, wanda ya sa ta yana nan a garin. Ina jiran sunansa sai ga rubutu: ci gaban yana cikin ƙarin babi na bugu na musamman. An saba ƙarin babi ya zama tsaraba, a ba ka labarin gefe ko abin da ya faru kafin labarin. Amma a wasan bincike a ɓoye sunan mai laifi a ce sai ka sake biya, bayan ka sayi wasan a matsayin cikakke, wannan cin amana ne.

Taurari 2 na ba shi, su ma don masu zanen ne da wanda ya ƙirƙiro madubin nan. Wanda ya riga ya saya, idan ya ciro tambarin daga rijiya kada ya taɓa taswira, ya taka da ƙafa zuwa hasumiya allo bayan allo. Ƙarin babin kuwa ba zan saya ba sai sun gyara ajiyar.