Hattara da masu tallar gajerun bindigogin iska a intanet

Jama'a, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Akwai wani salon damfara da ke yawo a shafukan sayar da kayan harbi, ya ci ni, kuma ba na so ya ci wani. Ba zan kama suna ba, don sunan da mutumin ya ba ni ma na tabbata ba nasa ba ne.

Na daɗe ina neman gajeriyar bindigar iska, wadda zan riƙa harbin saiti da ita a takarda, in kuma rage ɓerayen ɗakin ajiya, ba tare da ta tsinka min kafaɗa ba. Sai na ci karo da tallar. Hoton mai kyau ne, ba ƙarya: ƙirar nan ta bulfof, wadda ake mayar da injin bindigar can baya cikin gindi, bayan kunama, ta yadda bututun ke nan da tsawonsa amma bindigar ta gajarce. Mai tulun iska ce, wato PCP. A ƙasa an rubuta cewa nauyinta bai kai kilo 2 ba, harsashinta na gudun ƙafa 1,200 a daƙiƙa, cika ɗaya na harbi ɗaruruwa, kuma wai ba ta lalacewa har abada.

Nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe waɗannan bindigogi ya san gajarta da rashin nauyi da ƙarfi da ƙarko ba sa haɗuwa gida guda sai ɗaya ya sakar wa ɗaya. Ƙaramin tulu, iska kaɗan; iska kaɗan, harbi kaɗan. In ka gajarta bututun PCP, sai ta ƙara shan iska kafin ta ba ka gudun da dogon bututu ke bayarwa cikin sauƙi. A ɓangaren bindigogi masu aiki da sifirin maimakon tulu kuwa, nauyi ma gata ne: Weihrauch HW97K ta kai wajen kilo 4, kuma wannan nauyin shi ke danne zabura lokacin harbi, yayin da ƙanwarta HW30 ke wajen kilo 2.5 don ƙarfinta kaɗan ne. Kamfanin gaskiya yana gaya maka abin da ya sadaukar. Ɗan damfara ne kawai kayansa ba su da aibi.

Maganar gudun nan ma yaudara ce mai tsohon tarihi. Ana samun babban adadi ne in an gwada da harsashin gaurayen ƙarfe marar nauyi, ba na dalma ba. Kuma ƙafa 1,200 a daƙiƙa ya zarce gudun sauti, wanda ke kusan mita 343 a daƙiƙa, alhali harsashin bindigar iska, mai siririn ƙugu da buɗaɗɗen siket, yana fara tangaɗi in ya kusanci wannan iyaka. Ka ji ƙara, ka rasa saiti. Abin tambaya shi ne ƙarfi, a ma'aunin jul, da nauyin harsashin da aka yi gwajin. Misali, ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, mai nauyin kusan rabin giram, in ta fita da gudun mita 240 a daƙiƙa, wajen jul 15 ke nan. Na tambaye shi jul nawa take bayarwa, sai ya ce: "Yallaɓai, bar wannan lissafin, wannan ai giwa ma sai ta kayar." Na yi dariya. Dariyar da na biya kuɗinta.

Ya nemi rabin kuɗi kafin alƙalami, wai mutum biyu na layi. Na tura. Bayan kwana uku ya dawo da cewa kaya sun maƙale, sai an biya kuɗin "takardar izini", kuma shi zai yi min komai, ba sai na je ko'ina ba. Ku lura da wannan sosai. Dokar bindigar iska ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Ingila wadda ta wuce kusan jul 16 sai da lasisi, a Jamus iyakar jul 7.5 ce, ana ma buga harafin F cikin zane mai kusurwa biyar a jikinta, wasu ƙasashen kuma kowace iri sai da izini. Amma ko'ina ne, hukuma ce ke ba mutum izini da sunansa, ba mai talla a saƙon waya ba. Wanda ya ce zai sayar maka da izini, ko dai kuɗinka yake so, ko kuma zai jefa ka hannun hukuma, ko duka biyun. Ni dai na sake turawa, don wanda ya riga ya jiƙe ba ya jin tsoron yayyafi.

Abin mamaki, kayan sun iso. Da na buɗe kwalin, nauyin ne kaɗai bai yi ƙarya ba, don kusan komai roba ce mai ƙamshin sabon bokiti. Tambarin kamfanin da ke hoto a sassaƙe yake a ƙarfe. A nan takarda ce aka manna, na sa farce ta ɗago. Babu lambar ƙira. Layin da ake ɗaura madubin saiti a karkace yake, ana gani da ido. Kunamar kuwa tana ja kamar ana jan ƙofar da ta yi tsatsa, sannan ta saki ba gargaɗi.

Tulun ne ya fi tayar min da hankali. Ana cika PCP da iska mai matsi 200 zuwa 300 a ma'aunin bar, wato ninkin iskar tayar mota kusan sau ɗari, kuma wannan tulun kusa da fuskarka yake lokacin da kake saiti. Na gaskiya yana ɗauke da rubutu a jikinsa: iyakar matsin da zai ɗauka da lokacin da aka ƙera shi, kamfanonin Jamus da yawa ma shekara 10 suke ba nasu. Wannan fes yake, ko ɗigo babu. Na sa famfo, kafin allurar ma'aunin matsi ta yi nisa na ji tsiii daga wajen bawul, na shafa ruwan sabulu sai ga kumfa na tashi. Na sauke iskar, ban ƙara taɓa ta ba. Asarar kuɗi da sauƙi a kan asarar ido.

Da na sa hoton tallar a Google Lens, manhajar binciken hoto, daga baya, sai ga shi a shafin wani dillali na ƙasar waje, an yanke gefen da sunansa yake. Aikin minti ɗaya ne, da na yi shi tun farko da ban yi cinikin biri a sama ba. Haka nan da na ce ya ɗauko min bidiyo, bindigar a kan sikeli, lambar ƙirarta a fili, da wata kalma da na zaɓa a rubuce a takarda kusa da ita, da tuni biri ya yi kama da mutum. Ku tambayi inda ake samun zoben roba da bawul nata in sun ci, don ƙarkon PCP a nan yake. Ku nemi sunan dillalin a jerin da kamfanin ya wallafa. Kada kuma ku biya ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi.

Lambarsa ta daina shiga tun ranar da na tura masa bidiyon kumfar. Makon jiya na ga tallar ta sake fitowa a wani sabon shafi, da sabon suna da sabuwar lamba. Hoton dai shi ne, har da ɗan ƙarzanen da ke gefen gindin bindigar, kuma yanzu wai mutum uku ne ke layi.