Gargaɗi kan manhajojin zuba jari na bogi da ake tallatawa a Abuja

Jama'a, musamman 'yan kasuwar Wuse da ma'aikata masu zama a Kubwa da Nyanya, a yi hattara da manhajojin zuba jari da ake turowa ta WhatsApp da Telegram. Da yawansu an ƙawata su har sun fi na banki kyau, kuma wannan ƙawar ce tarkon. Ana sayen irin wannan manhaja a haɗe, a canza mata suna da launi da tambari, cikin 'yan kwanaki ta fito. Kuɗin da kake gani a fuskar wayarka lamba ce kawai da wani ya rubuta daga kwamfutarsa. Zai iya mayar da dubu 50 ta zama dubu 500 ba tare da an sayi komai ba.

Fara da layin da ke nuna farashi. A kasuwar hannun jari ta gaskiya farashi yana hawa yana sauka, akwai ranar kore, akwai ranar ja, kuma kasuwar hannun jarin Najeriya, wato NGX, ba ta ci Asabar da Lahadi. In an ce hannun jarin Najeriya aka saya maka amma ribar tana ƙaruwa har ranar Lahadi, ba ta taɓa yin ja ba, zane kake kallo.

Sai maɓallai. Maɓallin saka kuɗi babba ne, yana shafin farko, dannawa biyu ka gama. Na cirewa kuwa an cusa shi can ciki, da ƙananan haruffa, sai ka wuce shafi uku ko huɗu, ka tarar da sharaɗi: jira kwana 30, ko kawo mutum biyu, ko hau matakin VIP. Mai zanen ya san aikinsa, da gangan ya yi. Haka agogon nan mai ƙirga saura minti goma garaɓasa ta ƙare, an sa shi ne don kada ka samu sararin yin shawara da kowa. Rufe manhajar ka dawo gobe, sau da yawa za ka tarar ya koma farko.

Saƙonnin da ke faɗowa cewa wane ya cire dubu 300 yanzu-yanzu su ma akwai hanyar gwada su. Kashe data ka zuba ido. In sun ci gaba da fitowa, a cikin manhajar aka dasa su. Ko da sun tsaya, sake kunna data ka kalle su minti goma, sunayen za su fara maimaituwa.

Abin da ya fi cin mutane shi ne cirewar farko. Ka saka dubu 20, ka cire dubu 25 lafiya, zuciya ta kwanta, sai a kwaso kuɗin haya ko na adashe. Kuɗin wani sabon shiga aka ba ka. Yi lissafi: ribar kashi 2 cikin 100 kullum, in ana mayar da ita cikin jari, za ta mayar da naira dubu 100 ta haura miliyan 137 a shekara guda. Wace sana'a ce ke ba da haka? Dubi tsare-tsaren bogi irin wannan da aka yi a baya: MMM ta tsaya a Disamba 2016, CBEX ta rufta a Afrilu 2025, kuma bayan ruftawar har sai da aka nemi mutane su ƙara biyan dala 100 ko 200 wai don tantance asusunsu. Duk wanda ya ce sai ka biya kafin ka cire kuɗinka, kada ka ƙara masa ko kwabo.

Takardar CAC da suke liƙawa rajistar kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Izinin na hukumar SEC ne, mai kula da kasuwar hannun jari, hedikwatarta tana nan Abuja, kuma a shafinta na intanet akwai jerin waɗanda ta yi wa rajista. Nemo sunan da kanka, harafi da harafi, don suna kwaikwayon sunayen kamfanonin kirki. Dillalin hannun jari na gaskiya zai buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarin da ka saya, da sunanka. In kuwa asusun da za ka tura kuɗi na wani mutum ne, kuma yana canzawa kowane mako, ko manhajar fayil ce aka turo maka tana neman izinin karanta saƙonninka, goge ta, don ta nan ake kwashe lambar sirrin da banki ke turowa.

Wanda ya riga ya saka, ya ɗauki hoton kowane shafi da rasit ɗin tura kuɗi tun manhajar ba ta ɓace ba, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara SEC ko ofishin EFCC da ke Jabi.