Hattara da masu tallar "zanen Iran" ta WhatsApp

Jama'a, musamman 'yan kasuwarmu masu zirga-zirgar Dubai, a yi hattara da wata damfara da ke yawo. Mutum zai shigo maka ta WhatsApp ko Instagram da ladabinsa, "Alhaji barka da warhaka", sai ya turo hoton wani zane mai rubutun Farisanci, baƙin tawada da ruwan zinare, kai ka ce aya ce aka ƙawata. Zai ce aikin Mohammad Ehsai ne ko na Hossein Zenderoudi, fitattun masu zane 'yan Iran, wasu magada ne a Tehran suka matsu, takunkumi ya hana su karɓar kuɗi ta banki, shi ya sa za su karyar da shi. Ka saya yau, ka kai gwanjo Landan, ka ninka kuɗinka sau goma.

Abin da ke kayar da mutane shi ne alƙaluman da yake kawowa ba ƙarya ba ne. A 2008, a Dubai, gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da zanen Farhad Moshiri mai suna Eshgh a kan sama da dala miliyan 1. A shekarar dai gidan gwanjo na Christie's ya sayar da aikin tagulla na Parviz Tanavoli a kan dala miliyan 2.8, zanen Ehsai ma ya haura miliyan 1. Duk wanda ya duba intanet zai gani, daga nan sai zuciya ta kwanta. Abin da ba zai faɗa maka ba: shekarar 2008 ita ce ganiyar kasuwar, da tattalin arzikin duniya ya girgiza farashi ya sauko. Kuma kasuwa ce ƙarama, dillalanta da masu sayenta sun san juna, daga Dubai zuwa Landan zuwa gwanjon Tehran da aka fara a 2012. Wanda ke riƙe da zanen Ehsai na gaske ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, me zai kawo shi wayar mai shagon atamfa? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ku lura da takardar shaidar da yake turowa: tambarin Christie's a sama, sa hannu a ƙasa, amma babu ranar gwanjo, babu lambar kaya. Hoton ma sau da yawa daga shafin gidan gwanjon aka kwafo shi. Ka ce ya juya zanen ya ɗauko maka bayansa a bidiyo, inda ake manna takardun gidajen baje koli, ya kuma lissafo hannuwan da zanen ya bi tun daga wanda ya zana shi. Nan ne za ka ji zanen yana ma'ajiya, mai mukulli ya yi tafiya, ga wani Balarabe na jira da kuɗinsa, ka tura kafin alƙalami da kuɗin kirifto na USDT kafin magariba. Kana turawa sai kuɗin inshora ya taso, sai na kwastan.

Akwai masu wani salon: su ce ka zuba hannun jari a zanen Sohrab Sepehri, marubucin waƙoƙin nan na Iran mai zana kututturan bishiyoyi da ya rasu a 1980, ana ba ka riba duk wata. Zane a bango ba ya kawo ko sisi sai ranar da aka sayar da shi. Ribar da kake gani kuɗin wanda ya shigo bayanka ne.

Manyan gidajen gwanjo suna duba hotunan zane su faɗi ƙiyasinsu kyauta ta shafukansu, sakamakon cinikinsu na baya kuma a buɗe yake. Tura musu kafin ka fitar da kobo. Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge hirar; ya adana lambar wayar da shaidar biya, ya sanar da bankinsa, ya kai ƙara EFCC.