Hattara da mai aksul ɗin da ba ya rasa kowane faɗi

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu harkar tsofaffin motoci a nan Amurka, da masu sayo kayan gyara ta intanet, akwai wani macuci da ke bin masu cigiyar aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin bayan mota biyu. Dala 300 ya ci mini wata guda da ya wuce, kuma da ba don wani dattijo maƙwabcina ba, da abin ya kai dubu.

Shekara biyu ke nan ina haɗa wata Ford Model A ta 1930 a garejina a Ohayo, irin haɗin da ake kira hot rod. Ga wanda bai sani ba, tun shekarun 1930 samarin kudancin Kalifoniya suka fara ɗaukar tsohuwar mota marar nauyi, su cire madigadi da duk wani tarkace, su ɗora mata babban inji, su je busassun tafkuna irin su Muroc su yi tsere. Matsalar irin wannan mota ita ce, tunda babu madigadi, tayoyin baya a fili suke. In aksul ya gaza faɗi, taya ta riƙa gugar jikin mota. In ya zarce, tayoyi su yi waje kamar ƙafafun kwaɗo, kowa ya gani tun daga nesa.

Ni na yi awona yadda ya kamata. Na sayi wili da tayoyin da zan yi amfani da su, na jingina su a gefen motar, na bar tazarar inci ɗaya tsakanin taya da jiki, na ja tef daga fuskar da wili ke zama a wannan gefe zuwa ta wancan. Inci 57 da 'yan kai ya ba ni. Duk wanda ya san aksul ɗin da ake kira Ford 9-inch, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, ya san inda wannan awo ya nufa: na motocin Ford na 1957 zuwa 1959, mai inci 57 da kwata. Shi kuwa ya yi wuya. Na F-150 daga 1975 zuwa sama ga su nan birjik a makabartar motoci, amma sun haura inci 65. Na Mustang 1967 zuwa 1970 inci 59 da kwata ne. Na tsohuwar Bronco inci 58 ne, amma masu Bronco ba sa sakin sa da arha. Wata huɗu ina nema, har na gaji na rubuta cigiya a wani zauren intanet na masu tsofaffin motoci, na faɗi awon da nake so ƙarara. A nan na miƙa masa wuƙar da ya yanka ni.

Ba a yi awa uku ba sai ga saƙo. Wani ne wai shi ba ya sayar da komai, amma kawunsa a Montana yana da irin abin da nake nema, ga adireshin imel. Wannan dabara ta fi komai aiki a kaina, don na ɗauka mutumin kirki ne ya nuna mini hanya, alhali shi ne kawun, shi ne ɗan. "Kawu" ya amsa da fara'a, ya ce daga wata Ford ta 1958 ya ciro shi, inci 57 da kwata daidai, dala 650. Ya turo hotuna uku masu kyau. Ya ce akwai wani da zai zo da kuɗi ranar Asabar, in ina so in ba da kafin alƙalami. Ya kuma roƙi in tura ta hanyar da ake aika wa dangi da abokai kuɗi, wai don kada a cire masa la'ada. Ku sani, a PayPal in ka zaɓi turawa dangi da abokai babu kariyar mai saye, haka ma Zelle ba a yi shi don ciniki da baƙo ba. Na san wannan sarai. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na tura.

Bayan kwana biyu sai ga imel daga wani wai kamfanin jigila, cewa an ɗaure kaya a kan katako, amma sai na biya dala 400 na inshora, za a mayar mini in kaya sun iso. Nan jikina ya fara ba ni. Na ɗauki waya na tsallaka wurin maƙwabcina, tsohon mai walda da ya haura shekara saba'in, wanda ya rage faɗin aksul ya fi a ƙirga. Ya kalli hotunan bai ce komai ba, sannan ya ce in tambayi mutumin: inci 57 ɗin daga ina zuwa ina?

Ashe nan gizo ke saƙa. Akwai awo biyu. Akwai na bututun kansa, daga bakin da ake ɗaure farantin birki zuwa ɗaya bakin. Akwai kuma na fuskar wili zuwa fuskar wili, bayan an sa shaf, wato sandar da ke juya wili, da gangar birki. A kowane gefe shaf yana fitowa wajen inci biyu da rabi, wato tsakanin awon farko da na biyu akwai kusan inci 5. Mai sayar da gaskiya, ko barci ka tashe shi, zai gaya maka wanda ya auna. Mutumina ya ce "daga ƙarshe zuwa ƙarshe". Na ce ya ɗora tef a kai, ya ajiye takarda mai sunana da kwanan watan ranar, ya ɗauki hoton da zai nuna duka gefen biyu. Ya ce kaya suna hannun 'yan jigila. Na tambaye shi haƙoran shaf 28 ne ko 31, boris ɗin ƙarshe ƙanana ne ko manya. Sai ya koma faɗa, wai shi tsohon soja ne, ban yarda da shi ba.

Dattijon kuma ya nuna mini abin da ya sa na ji kunya, ni da nake kiran kaina makanike. A hoto na uku, wanda aka ɗauka daga nesa, akwai murfi a bayan aksul ɗin da aka ɗaure da notina. Ford 9-inch ba shi da murfin baya ko kaɗan. Bayansa a rufe yake da walda, giyar kuwa ta gaba ake zaro ta gaba ɗaya, ita ce Amurkawa ke kira kabewa. Wato hotunan ma ba na ƙarfe ɗaya ba ne. Da daddare wani abokina ya sa cigiyar ƙarya a zauren, ya ce yana neman inci 61. Kafin gari ya waye an haɗa shi da wani "ɗan uwa" a Idaho, hotunan kuma su ne nawa, har da jar bokitin da ke gefe.

Tunda magana ta zo, ko ido da ido kuke ciniki a kasuwar tsofaffin kaya, ku tafi da tef da soket. Ford 8-inch yana kama da 9-inch ƙwarai, shi ma ba murfin baya, kuma ana sayar da shi da sunan babban. Ku gwada notina biyu na ƙasan kabewar: in soket ya shiga kai tsaye, 8-inch ne, na 9-inch sai da sifana. In kuma kun ga sabuwar walda a ƙarshen bututu, ku tambayi wanda ya yanke, da ko ya zura sandar daidaitawa kafin ya liƙe. Wanda aka yi da ka zai yi ta cin boris har ku gaji.

Banki sun ce da hannuna na tura, ba abin da za su iya. Na shigar da ƙara a IC3, sashen FBI mai karɓar ƙorafin damfarar intanet, na kuma tura wa masu kula da zauren hotunan da adireshin imel ɗin.

Motar kuwa, na haƙura da 9-inch. Na ciro aksul ɗin da ake kira 8.8 na Ford Explorer ta 1998 a makabartar motoci da ke kusa, mai faifan birki da haƙora 31, inci 59 da rabi da tef ɗina. Dattijon zai rage dogon gefen direba da kusan inci uku, mu sa gajeren shaf irin na ɗaya gefen, ya dawo wajen inci 56 da rabi, giyar kuma ta matso tsakiya. Ragowar zan cike da ɗan faranti a bayan wili.

Shekaranjiya wani ya sa cigiyar aksul ɗin Bronco a zauren. Na yi masa magana ta gefe, ya ce ai har an riga an haɗa shi da wani kawu a Wayomin, yana shirin turawa da yamma.